Daga Buhu 20 Zuwa 40: Inda Masarar Ƙaramin Manomi Take Salwanta

In aka tara duk masarar da Najeriya ke nomawa a shekara, aka raba ta da faɗin gonakin da aka shuka, abin da kowace hekta ke tashi da shi kusan tan 2 ne, wato buhu 20 mai kilo ɗari-ɗari. Wata shekara ya ɗan haura, wata ya ɗan gaza. A Amurka hekta ɗaya tana ba da kusan tan 11. A Habasha, inda manoman ƙanana ne irin namu, masu garmar shanu da 'yar gonar gado, ana samun kusan tan 4. A nan gida ma, a gonakin gwaji na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya, tan 6 ko 7 ba baƙon abu ba ne. Alhali ruwan da ke sauka a Samaru shi ke sauka a Giwa da Soba da Maƙarfi, ƙasar ma dangin juna ce. Wannan tazara da ke tsakanin abin da gona za ta iya bayarwa da abin da take bayarwa, ita masana ke kira giɓin amfanin gona.

Masu bincike na jami'ar Wageningen a Holan da ta Nebraska a Amurka sun auna wannan giɓi a ƙasashe goma na Afirka, har da Najeriya da Nijar da Ghana. A sakamakon da suka fitar a 2016, masarar damina a waɗannan ƙasashe ba ta wuce kashi 15 zuwa 27 cikin ɗari na abin da ruwa da rana da ƙasar wurin za su iya bayarwa ba. Na yi aikin malamin gona shekaru masu yawa a yankin masara na Jihar Kaduna, kuma ban taɓa zama da manomi ina yi masa zancen tan 11 ba. Wancan lissafin masu tarakta ne da gonar da ido ba ya ganin ƙarshenta. Abin da ya dame ni shi ne buhu 20 ɗin nan ya zama 40. Na ga ya zama a gonar talaka mai fartanya, na kuma ga abin da ke hana shi zama.

Mu ɗauki gida mai mata biyu da yara da tsohuwa, da ke cin kwano biyu na hatsi kullum. Buhu kwano 40 ne, ke nan kwana 20 ya ƙare. A shekara gidan yana buƙatar buhu 18. Maigida ya noma hekta ɗaya ya samu buhu 20, ya fitar da zakka, ɗaya bisa goma, buhu 2. Saura 18 daidai, abincin shekara ba ragi ba ƙari. To kuɗin makaranta fa, da na asibiti, da suna, da tufafin salla, da bashin takin da ya ci a damina? Dole ya taɓa abincin. Kafin watan Yuni rumbu ya yi ƙasa, sai ka gan shi a gonar wani yana ƙwadago don ya auno kwano biyu, a daidai makon da tasa gonar ke neman noman farko. Da buhu 40 ya samu, zai fitar da 4, ya ajiye 18, ya rage da 18 na sayarwa. Gona ɗaya ce, mutum ɗaya ne, amma gida na biyu ba ya shiga damina da yunwa.

Tsofaffi za su shaida cewa masara ba ta daɗe da samun wannan matsayi a ƙasar Hausa ba. Gero da dawa su ne abinci. Masara a bayan gida ake shuka ta, inda juji da kashin awaki suka gyara ƙasa, a gasa ko a dafa a kashe yunwar tsakiyar damina kafin gero ya nuna. Abin ya sauya daga tsakiyar shekarun 1970, da aka kafa shirye-shiryen raya aikin gona na Funtuwa da Gusau da Gombe da rancen Bankin Duniya. Cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar da wata farar masara mai suna TZB, gwamnati ta karya farashin taki ƙwarai, aka yi hanyoyin karkara, malaman gona suka shiga ƙauyuka a kan babura. Sai aka gano cewa yankin nan, daga Saminaka zuwa Funtuwa zuwa Biu, ya fi kurmi dacewa da masara: rana ta fi yawa, dare ya fi sanyi, cututtuka sun fi sauƙi, kuma kaka tana zuwa da iskar da ke busar da hatsi. Cikin shekara goma sha masara ta baro bayan gida ta mamaye manyan gonaki, tuwonta ya shiga gidajen da da sai na dawa.

Sai dai wancan tashin a kan taki mai arha aka gina shi. Da tallafin ya yi ta raguwa a shekarun 1990, amfanin kowace hekta ya tsaya cik. Yau ƙasar tana noma sama da tan miliyan 10 a shekara, amma mafi yawan ƙarin ya zo ne daga faɗaɗa gonaki. Dajin da za a sare kuwa yana ƙarewa. An daina barin gona saura ta huta, an ci burtali, an ci makiyaya, kowa ya san rigimar da hakan ta haifar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabonta. Jama'ar Najeriya sun haura miliyan 200, kuma ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna za su wuce miliyan 350 a 2050. Ga masu kiwon kaji da masana'antu suna neman masarar nan su ma. Gonar da ke hannu ita za ta ƙara bayarwa, ko kuma a yi ta sayo abinci daga waje da dalar da babu.

Asarar farko tun daga ƙoƙon iri take somawa. Manomi da yawa har yanzu daga rumbu yake ɗebo iri, ko ya auno a kasuwa ranar da ruwa ya sauka. In masarar mai aure ce, shukar farko ce kaɗai take ba da cikakken amfaninta. 'Ya'yanta in an maimaita su sai su rarrabu, wata doguwa wata gajera, goyon ya ragu. Irin da ba mai aure ba, kamar SAMMAZ 15 da Samaru ta fitar, ana iya maimaita shi shekara biyu zuwa uku in an zaɓi goyo masu kyau daga tsakiyar gona, daga nan sai a sabunta. Hekta ɗaya kilo 20 zuwa 25 take ci, kuɗinsa bai kai rabin na taki ba, amma shi ke yanke iyakar abin da takin zai iya yi. Matsalar ita ce jabu. Akwai marasa tsoron Allah da ke shafa wa masarar ci launi su zuba a leda mai tambari. Manomin da aka cuta sau ɗaya, ka yi shekara biyar kana lallashinsa kafin ya sake sayen irin leda, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da nake gaya wa kowa shi ne ya sayi iri tun bazara a wurin dillalin da aka sani, ya ƙirga ƙwaya 100 ya shuka a jiƙaƙƙen yashi a tsakar gida. Bayan mako ɗaya ya ƙirga abin da ya tsiro. In bai kai 85 ba, ya mayar tun ruwa bai zauna ba.

Asara ta biyu gyaranta ba ya cin ko sisi, ita ce kuma aka fi rainawa: yawan tsiro. Ƙa'idar da aka gwada ita ce santimita 75 tsakanin kunya da kunya, santimita 25 tsakanin rami da rami, tsiro ɗaya a kowane rami. Wannan yana ba da tsiro kusan 53,000 a hekta. In kowace masara ta ba da goyo ɗaya mai ƙwaya giram 100 kacal, wanda ba wani ƙaton goyo ba ne, an samu tan 5 da ɗoriya. Ni kuwa na sha shiga gona gab da girbi da igiyar awo, in auna mita 10 a kan kunya, inda ya kamata in ƙirga kara 40, sai in samu 20 ko ƙasa da haka. Wani ramin iri ne bai tsiro ba, wani kurege ko fakara suka tone, wani kuma yaron da aka ba shukar ne ya buɗe taku don ya gama da wuri. A wani wurin an zuba ƙwaya huɗu a rami ɗaya, sun taso suna ƙwace wa juna abinci, biyu sun tashi ba goyo. Mai gonar zai ce taki ne bai ji ba, alhali rabin masarar da zai girba ba ta taɓa tsayawa a gonar ba.

A yi adalci dai. Manomin da ke buɗe tazara ba koyaushe jahilci ke sa shi ba. In ya san ƙasarsa ta gaji, takin da zai iya saya kuma buhu biyu ne, cika gonar da tsiro 53,000 raba yunwa ne kawai. Wani kuma yana barin fili ne don wake ko dawa da zai sa a tsakani, kuma wannan dabara ce ta kakanni da ta ceci gidaje a shekarun fari. Shawarata ga mai buhu biyu ita ce ya rage faɗin masarar. Ya ware kwata ɗaya na gonar ya yi mata komai a kan ƙa'ida, sauran ya sa waken soya ko gyaɗa ko dawa. Takin da aka watsa wa hekta guda ya ɓace ba a ga aikinsa ba, in aka tara shi a kwata ɗaya sai ya yi magana.

Masara mai ci ce. Kowane tan ɗaya na ƙwaya yana jan kusan kilo 20 na sinadarin naitirojin daga ƙasa, ƙasarmu kuwa jigawa ce mai ƙarancin ruɓaɓɓen ganye, ta daɗe ana ɗiba ba a mayarwa. Shawarar da masana suka daɗe suna bayarwa a yankin nan ita ce kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfaras, 60 na fotash a hekta. In an juya shi zuwa buhu, takin kamfa 15-15-15 buhu 8 ke nan, da yuriya kusan buhu 3. Yana da kyau manomi ya san abin da ke cikin buhun da yake saya. Buhun kamfa mai kilo 50, naitirojin ɗin cikinsa kilo 7 da rabi ne. Buhun yuriya kilo 23. Wanda ya sa kamfa buhu biyu a hekta ya ba masararsa kilo 15, kashi ɗaya cikin takwas na buƙatarta. A taron da shugabannin Afirka suka yi kan taki a Abuja a 2006, an ce matsakaicin abin da manomin nahiyar ke sawa kilo 8 ne a hekta, aka yi alkawarin kai shi 50 kafin 2015. Ƙasashe kaɗan ne suka kusanci wannan adadi.

Amma yawan taki rabin magana ne. Masara kamar jariri take, abin da ta rasa a makonnin farko ba a rama mata shi da girma. Tun tana ƙasa da gwiwa take yanke yawan layin ƙwayar da goyonta zai ɗauka. Shi ya sa kamfa ke son shiga ƙasa cikin kwana 10 zuwa 14 da shuka, yuriya kuma a mako na huɗu zuwa na shida. A tona ɗan rami nesa kaɗan da gindi, a zuba, a rufe. Yuriyar da aka bari a fili, rana da iska za su ɗauke wani kaso nata, ruwan marka ya wanke saura. Na ga manoma suna zuba taki masara ta riga ta fitar da gemu, saboda a ranar kuɗin ya samu. Ganye zai yi kore shar, mai gona ya ji daɗi, amma buhu ba zai ƙaru yadda ya zata ba. Kuɗi ɗaya ya kashe da maƙwabcinsa da ya sa a kan kari, amfanin kuwa ba ɗaya ba.

Takin zamani shi kaɗai ma ba ya raya matacciyar ƙasa. Gonar da ake kai wa takin gida a mangala tun rani, ko aka bar Fulani suka zauna a cikinta bayan girbi, ta fi riƙe ruwa, kuma buhun kamfa ɗaya ya fi aiki a cikinta. A nan aikin mata yake shigowa, ko da ba su taka gonar ba. Awaki da tumaki da kajin da suke kiwo a cikin gida, su ne masana'antar takin ƙaramin manomi, kuma sau da yawa akuyar matar ake kai wa kasuwa a sayo yuriya. Duk da haka da wuya ka ga an kira su taron manoma.

Sai ciyawar wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Duk wanda ya ga jan furenta ya rufe gona ya san shekarar ta tafi. Saiwarta tana manne wa saiwar masara tana tsotse ta tun a ƙarƙashin ƙasa, kafin a ga ganyenta ta riga ta yi ɓarnar. Tushe ɗaya yana zubar da dubban 'ya'ya ƙanana da ke iya kwanciya a ƙasa sama da shekara goma suna jira. Ta fi son gajiyayyar ƙasa, shi ya sa talaka take bi. Abin da na ga ya yi aiki haɗin gwiwa ne: iri mai jure mata, cire ta a ƙone kafin ta yi fure, takin gida, da juya gona da waken soya. Wasu nau'o'in waken soya, irin TGx 1448-2E na IITA, saiwarsu tana ruɗar 'ya'yan wuta-wuta su tsiro, su rasa abin kamawa su mutu. Ga shi waken yana bar wa ƙasa ɗan naitirojin, ga kasuwarsa, ga awara a gida.

Tun 2016 kuma an samu sabuwar abokiyar gaba, tsutsar nan mai cin masara da ta tsallako daga nahiyar Amurka, aka fara tabbatar da ita a Afirka ta Yamma. Tana ɓuya a can cikin tsakiyar ganye. Mai zagaya gonarsa sau biyu a mako tun masara na ƙarama zai gan ta tana jaririya, feshin safe ko na yamma a cikin tsakiyar ya kashe ta. In ta girma sai a yi ta asarar magani. A farkon 2024 an saki nau'o'in masarar TELA, waɗanda Samaru ta yi aikinsu, masu jure wannan tsutsa da fari. Irin da aka sauya wa ƙwayar halitta ne, kuma ana muhawara a kansa. Ra'ayina shi ne a yi muhawarar a fili da harshen da manomi ke ji, a kuma rubuta a jikin leda abin da mutum yake saya, ya zaɓa da saninsa.

Babu ɗaya daga cikin abin da na lissafa da yake sabo. Shirin Sasakawa, wanda attajirin Japan Ryoichi Sasakawa da masanin noma Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suka assasa, ya shigo Najeriya a 1992. Dabararsu ita ce a yanki kwata ɗaya na hekta a gonar manomi, shi da kansa ya noma ta a kan ƙa'ida, maƙwabta suna wucewa suna kallo, ranar girbi a auna a gaban kowa. Gani ya kori ji. Har yau a ƙauyuka da yawa shukar ƙwaya ɗai-ɗai da sunan shirin ake kiranta. Habasha ta ɗauki wannan hanya ta mayar da ita aikin gwamnati. Ta horar da dubun-dubatar malaman gona ta zaunar da su a ƙauyuka, ta yaɗa iri mai aure irin BH660 da cibiyarta ta Bako ta fitar, cikin shekara ashirin amfanin masararta ya ninka. Mu kuwa yawancin malaman gonar da aka ɗauka a zamanin shirye-shiryen Bankin Duniya sun yi ritaya, ba a cike gurbinsu ba. Yau malami ɗaya ke kan manoma dubbai, sau da yawa ba babur ba mai. Mai shagon maganin feshi shi ya zama malamin gona, shi kuwa abin da ke kan kantarsa zai ba ka shawara ka saya.

Duk da haka, in ka zauna da manoma a Saminaka ko Dandume, za ka tarar da yawansu sun san tazarar shuka, sun san kwanan taki, wasu sun fi ni sani. Tambaye su dalili, amsar ɗaya ce: ba hali. In ka bi diddigin wannan kalma za ka ga maganar lokaci ce. Amfanin shekara a makonni shida na farkon damina ake yanke shi, kuma su ne makonnin da aljihun manomi ya fi bushewa. Kuɗinsa a kaka yake zuwa, lokacin da kowa ya fito da masara kasuwa farashi ya faɗi, masu bin bashi kuma suna tsaye a ƙofa. Ya sayar da arha a Nuwamba, ɗan kasuwa ya ajiye a sito, a Yuni shi manomin ya koma ya sayi masarar da tsada don ya ci. Takin da ya kamata ya shiga ƙasa a mako na biyu sai ya jira a sayar da ɗan rago a mako na bakwai.

Shi ya sa nake auna kowane shirin tallafi da tambaya ɗaya: a wane wata kayan suka isa hannun manomi? An yi tsarin rabon taki ta wayar salula daga 2012. An ƙaddamar da bashin Anchor Borrowers na Babban Banki a Kebbi a Nuwamba 2015, wasu sun amfana, amma sananne ne cewa kaso mai yawa na bashin bai dawo ba, kuma koken isowar kaya a makare ya yi yawa. Takin da ya iso a Agusta, mai shi sayar da shi zai yi, bashin kuma ya zauna masa a wuya. Akwai kamfanoni, irin su Babban Gona da ya fara aiki a Jihar Kaduna, da suka gina tsarinsu a kan haɗa manoma ƙananan ƙungiyoyi, a ba su iri da taki bashi kafin shuka, a bi su da horo, a kaka a karɓi masara a adana a sayar in farashi ya tashi. Ko kamfani ne ko ƙungiya ko gwamnati, abin da ke sa irin wannan tsari ya yi aiki shi ne haɗa abu uku a hannu ɗaya: kaya kafin ruwa, mai duba gona a tsakiyar damina, da mai saye a kaka.

Adana kanta hanya ce ta samun kuɗin taki. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta ƙirƙira tun farko don wake, yana riƙe busasshiyar masara watanni ba tare da magani ba, domin iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu. Sharaɗin shi ne ta bushe sosai, kuma a kan tamfol ko daɓe, domin masarar da aka shanya a ƙasa mai laima tana kama funfuna mai dafin da ke lalata hanta, wadda kamfanonin abinci ma ke ƙin saye. Mai iya riƙe buhu biyar zuwa Afrilu ya sayar ya sayi taki a take, tun kafin ruwa ya sauka dillalai su ɗaga farashi, ya riga ya ci rabin daminarsa.

Akwai inda duk wannan lissafi ba ya aiki, kuma ba zan tsallake shi ba. A Birnin Gwari da sassan Giwa da Faskari da Sabuwa da yawancin Zamfara, an yi shekaru manomi yana shuka bai san ko zai iya komawa noma ba. Wanda ke shiga gona yana waige-waige ba zai tsaya yana binne taki rami-rami ba. Kuɗin da aka tara don damina, fansar ɗan'uwa ta sha cinye shi. Waɗannan wurare kuwa suna cikin mafi kyawun ƙasar masara da muke da ita.

Saura maganar farashi, wadda ita ke cin ran manoma a 'yan shekarun nan. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya tayar da farashin taki a duniya. Cire tallafin man fetur a Mayu 2023 da faɗuwar naira suka ninka kuɗin huɗa da feshi da dakon kaya. Ana sarrafa yuriya a ƙasar nan, a Fatakwal da Legas, amma farashinta yana bin na kasuwar duniya. Da abinci ya yi tsadar da mutanen birni suka kasa ɗauka, a Yuli 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama na kwana 150. A 2025 farashin masara ya sauko ƙwarai, na taki bai biyo shi ba. Ina da 'yan'uwa a birni masu albashi, na san sauƙin da suka samu, kuma ba na fatan kowa ya kwana da yunwa. Amma manomi lissafinsa a bayyane yake: buhu nawa na masara zan sayar in sayi buhu ɗaya na taki? In amsar ta wuce ɗaya ta doshi biyu, zai rage taki, ko ya bar masara ya koma dawa da waken soya da riɗi, kuma da yawa sun yi hakan. Wanda ya fi jin jiki shi ne wanda ya bi shawararmu, ya ci bashi ya sa buhu 11 na taki, ya samu buhu 45, sannan kasuwa ta karye a hannunsa.

In gwamnati za ta buɗe iyaka ko ta rufe, ta faɗa tun Fabrairu ko Maris, kafin mutum ya ci bashin damina. In za ta sayi hatsi ta cika rumbunanta na ajiya, ta saya a Nuwamba da Disamba a kasuwannin Saminaka da Giwa da Dandume, lokacin da masarar take hannun wanda ya noma ta, ta kuma bayyana farashin tun kafin shuka. In za ta raba taki, ya kasance yana ƙananan hukumomi kafin ƙarshen Afrilu. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. A fassara shi a karanta a rediyo ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, don mutumin Bichi ko Dutsin-Ma, inda damina gajera ce, ya san ko irin kwana 90 zai nema, ya bar mai kwana 120 ga mutanen Lere da Doguwa.